Kuɗin da ƙasashen waje ke zubawa don "gina dimokuraɗiyya": me suke nema a ciki?

Malam Ibrahim

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana damuna, ina so mu baje ta a faifai mu duba a tsanake. Manyan ƙasashe irin su Amurka da Jamus da Birtaniya, da kuma Tarayyar Turai, kowace shekara suna ɗibar kuɗi daga harajin mutanensu su aika wasu ƙasashe da sunan ƙarfafa dimokuraɗiyya. Da kuɗin nan ake horar da masu sa ido kan zaɓe, ake ɗaukar nauyin 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf, ake shirya wa jam'iyyu da 'yan majalisa bita, ake riƙe ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Amurka tana da gidauniyar NED, wadda aka kafa a 1983 zamanin Ronald Reagan. Majalisar dokokin ƙasar ce ke ba ta kuɗi, kuma a shekarun baya-bayan nan ya kai wajen dala miliyan 300 a shekara. Birtaniya ta kafa gidauniyar Westminster a 1992. A Jamus kuwa manyan jam'iyyu kowace da gidauniyarta, kamar Konrad Adenauer da Friedrich Ebert, kuma kusan duk kuɗinsu daga baitulmalin gwamnati yake fitowa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ita gwamnati an kafa ta ne don ta kare muradun mutanenta. To idan ta tsallaka teku da kuɗi ta ce tana so talakan wata ƙasa ya samu damar zaɓen shugabansa, me take nema? Kuma ranar da talakan nan ya zaɓi wanda ba ta so, me take yi? Ni dai ban yanke hukunci ba tukuna. Na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi aiki da irin waɗannan ƙungiyoyi, akwai malaman tarihi, akwai lauyoyi. Don Allah kowa ya kawo hujjarsa, ban da zagi.

Usman

Wa alaikumus salam Malam. Ai amsar a bayyane take: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amurka da Birtaniya su suka kifar da Mossadegh a Iran a 1953 saboda ya mayar da man fetur ɗin ƙasarsa hannun gwamnati, kuma CIA ta amsa hannunta a ciki a takardun da aka saki a 2013. Shekara ɗaya bayan haka aka kori Arbenz a Guatemala don ya taɓa filayen wani kamfanin ayaba na Amurka. An kashe Lumumba a Kwango a 1961 da hannun Beljiyam a ciki, sannan aka rungumi Mobutu sama da shekara 30. A Chile Amurka ta kashe kuɗi a ɓoye don girgiza gwamnatin Allende, binciken majalisar dattawanta ma ya tabbatar, har sojoji suka kifar da shi a 1973. Duk waɗannan da aka kawar ta hanyar ƙuri'a da majalisa suka hau mulki.

Ita NED ɗin da ka ambata, Allen Weinstein yana cikin waɗanda suka tsara dokar kafa ta. A 1991 ya gaya wa jaridar Washington Post cewa da yawa daga abin da suke yi a lokacin, shekara 25 baya CIA ce ke yinsa a ɓoye. Mai ɗaki ya faɗa da bakinsa, mu me za mu ƙara?

Dakta Aminu

Usman, tarihin da ka kawo babu kuskure a ciki. Amma maganar Weinstein tana da asali, ya kamata a ji shi. A 1967 wata mujalla mai suna Ramparts ta tona cewa CIA ce ke ba ƙungiyar ɗaliban Amurka kuɗi a ɓoye, daga nan asiri ya yi ta tonuwa, aka gano mujallu da ƙungiyoyin marubuta da na ƙwadago da dama da ke cin kuɗinta, wasunsu ma ba su sani ba. Abin kunya ne babba. Daga baya sai aka ga dabarar ita ce a fito da aikin fili, a ba shi suna da ofis da kasafi da majalisa za ta riƙa dubawa. Kai kana ganin wannan sauya riga ne kawai. Ni ina ganin sauyin yana da nauyi, domin kuɗin da aka san mai bayarwa da mai karɓa ana iya yi masa tambaya, ana iya ƙin sa.

Kuma akwai inda kuɗin ya yi amfani, kada mu ɓoye. Ita Chile ɗin da ka ambata, a 1988 shugaban mulkin soja Pinochet ya shirya ƙuri'ar raba gardama kan ko ya zarce. Majalisar Amurka ta ware dala miliyan 1 ta hannun NED, aka yi amfani da shi wajen rajistar masu zaɓe da taimaka wa 'yan adawa su ƙirga ƙuri'u da kansu. Masu cewa a'a suka samu kusan kashi 56, kuma da yake suna riƙe da nasu alƙaluman, murɗe sakamakon ya yi wuya. A Polan ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta samu injinan buga takardu da kuɗi daga waje lokacin da aka haramta ta. Jam'iyyar gurguzu mai sassauci ta Fotugal a ƙasar Jamus aka kafa ta a 1973 da taimakon gidauniyar Ebert, ana saura shekara ɗaya mulkin kama-karya ya faɗi a can.

Sai dai ka lura da abu guda. A Polan raunana Tarayyar Sobiyet ake nema. A Fotugal tsoro ake kada 'yan kwaminis su karɓe ƙasar. A Chile kuwa Pinochet ya riga ya zame musu ƙarfen ƙafa. Duk inda tallafin ya yi kyau, za ka tarar muradin mai bayarwa da na talaka sun yi hanya ɗaya. Inda ake gane gaskiyar niyya shi ne inda hanyar ta rabu.

Alhaji Garba

Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Inda hanyar ta rabu ɗin ni na gani da idona, don lokacin da girmana. A watan Fabrairun 1990 mutanen Jamhuriyar Benin suka yi taron ƙasa, suka zare wa shugabansu Kerekou iko ba tare da an zubar da jini ba. Wata huɗu bayan haka shugaban Faransa Mitterrand ya tara shugabannin Afirka a La Baule ya ce daga yanzu taimakon Faransa zai fi karkata ga masu bin tafarkin dimokuraɗiyya. Mun yi murna ƙwarai, muna manne da rediyo. Ba a yi shekara biyu ba aka yi zaɓe a Aljeriya, Disamban 1991, jam'iyyar FIS ta masu ra'ayin Musulunci ta lashe zagayen farko. A Janairun 1992 sojoji suka soke zaɓen. Masu wa'azin dimokuraɗiyya suka yi gum. Ƙasar ta faɗa yaƙin da ya ci dubban rayuka shekara da shekaru.

Aka zo Falasɗinu a Janairun 2006. Amurka ce ta matsa a yi zaɓen. Masu sa ido na waje, har da Jimmy Carter, suka ce an yi shi da gaskiya. Hamas ta ci kujeru 74 cikin 132. Nan take aka kafa sharuɗɗa, aka toshe tallafi ga gwamnatin da ta fito. Ba ina wanke kowa ba ne, ra'ayina kan waɗannan jam'iyyu daban. Amma idan ka ce wa mutum ya zaɓa, ya zaɓa, ka hore shi da yunwa, to ka koya masa cewa ƙuri'arsa tana da iyaka, kuma kai ne ka shata iyakar.

Na ƙarshe, Chadi a Afrilun 2021. Idriss Deby ya mutu, tsarin mulki ya ce shugaban majalisa ne zai riƙe, sojoji suka ɗora ɗansa. Macron ya je jana'iza ya zauna kusa da shi. Da irin haka ta faru a ƙasashen da ba sa ɗasawa da Faransa, kun ji irin kalaman da aka yi.

Usman

Allah ya saka da alheri Baba. Abin da nake faɗa ke nan. Duk wanda ke karɓar kuɗin nan ɗan kore ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Hajiya Bilkisu

Usman ƙanena, a nan ka yi kuɗin goro, kuma ni ya shafa. Shekara 11 na yi ina aiki da wata ƙungiya mai sa ido kan zaɓe, kuma kusan duk kuɗinmu daga waje yake zuwa. Bari in gaya maka yadda aikin yake. Kana so ka san ko sakamakon da aka sanar shi ne abin da mutane suka kaɗa. To sai ka zaɓi rumfuna ta hanyar lissafi yadda za su wakilci ƙasa baki ɗaya, ka horar da mutum ga kowace rumfa, ka ba shi waya da kuɗin mota, ya zauna tun buɗewa har a ƙirga a gabansa, ya turo alƙaluma. Ka tara su ka gwada da na hukuma. Wannan aiki yana cin kuɗi sosai. Mun zagaya wajen masu hali na gida. Wanda ba ɗan siyasa ba yana tsoron a ce yana adawa da gwamnati a taɓa masa kasuwanci. Ɗan siyasa kuwa zai ba ka, amma ka san abin da yake so rahotonka ya ce. Tsakanin kuɗin ɗan takara da kuɗin wata ƙasa mai nisa, wanne ne ya fi barin ka ka faɗi gaskiya a kan zaɓen nan?

A shekarun nan duka babu wanda ya taɓa kirana ya ce in goyi bayan wane. Na ga mata da ba su taɓa shiga rumfar zaɓe ba sun zama masu tsayawa a gaban jami'i su ce a sake ƙirgawa. Na ga abokan aiki an tsare su, an yi musu barazana har gida. Ka kira irin waɗannan 'yan kore, ban ji daɗi ba.

Usman

Ki yi haƙuri Hajiya, ban yi nufin cin mutuncinki ba. Na janye kalmar. Amma ki ba ni amsa tsakani da Allah: wa ke zaɓar abin da za ku yi aiki a kai, ku ko su?

Hajiya Bilkisu

Ya wuce. Kuma tambayarka ta taɓa inda ke mini ciwo, ba zan kauce mata ba. Su ne. Ba wanda zai ba ka umarni, amma su ke fitar da sanarwar abin da za su ba kuɗi a kai, kai kuma ka rubuta takardar neman tallafi ta dace da shi. Akwai shekarar da mu a wajenmu babbar matsala ita ce mutanen da ke tsare shekara da shekaru ba a kai su kotu ba. Mun fara aiki a kai, har an saki wasu. Sai mai ba mu tallafi ya sauya alƙibla, aka ce yanzu yaƙi da tsattsauran ra'ayi ake so. Muka zauna muka sake rubuta komai da sababbin kalmomi don albashin ma'aikata ya ci gaba. Waɗancan mutane muka bar su inda suke. Har yau abin yana dawo mini.

Sannan rahoto. Duk wata uku muna rubuta rahoto mai kauri da harshen da mutanen da muke cewa muna wakilta ba sa ji, mu aika wa ofishin da ba su san da shi ba. Ban tuna ranar da muka tara su muka ce ga abin da muka karɓa da sunanku, ga yadda muka kashe ba. Ƙungiyar da ke koya wa gwamnati yadda ake ba talaka bahasi, ita kanta fuskarta waje take kallo. Da tallafin ya yanke kuwa, cikin 'yan makonni muka sallami mutane, kuma babu wanda ya fito daga cikin jama'a ya ce ina ƙungiyarmu, domin ba su taɓa ɗaukarta tasu ba.

Barista Nafisa

Hajiya, na gode da wannan gaskiya. Ni ta fuskar doka zan shigo. Dokar Amurka ta haramta wa ɗan ƙasar waje ya ba da ko sisi ga yaƙin neman zaɓe a can. Tun 1938 suna da dokar da ta tilasta wa mai yi wa wata ƙasa aikin siyasa ya yi rajista. Duk mun ga irin tashin hankalin da suka shiga kan katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016. Amma a 1989 majalisarsu ta amince da dala miliyan 9 don zaɓen Nikaraguwa na 1990, mafi yawa don amfanin gamayyar 'yan adawa da Violeta Chamorro ta jagoranta, kuma ita ta ci. Wannan ya wuce horar da masu sa ido, shiga gasa ne. A Benezuwela a Afrilun 2002, da aka tsare Chavez na kwana biyu, shugaban cibiyar IRI, ɗaya daga cibiyoyi huɗu da NED ke riƙewa, ya fitar da sanarwar yabo. Wani masani mai suna Dov Levin ya ƙirga cewa tsakanin 1946 da 2000 Amurka ta sa hannu a zaɓen wasu ƙasashe sau 81 don taimaka wa wani ɓangare, Sobiyet da Rasha kuma sau 36. Laifi tudu ne.

To amma Usman, ga ɗaya gefen. Duba su wa suka fi amfani da hujjarka. Habasha ta yi doka a 2009 cewa ƙungiyar da ke samun fiye da kashi 10 na kuɗinta daga waje ba za ta taɓa batun haƙƙin ɗan Adam ba. Ƙungiyoyin suka durƙushe, wasu suka sauya sana'a, alhali gwamnatin kanta tana cikin manyan masu karɓar tallafin waje a Afirka. Sai 2019 aka soke dokar. Rasha ta yi dokar wakilan ƙasashen waje a 2012, ta kori hukumar ba da tallafi ta Amurka USAID a shekarar, ta haramta NED a 2015. Da irin waɗannan dokoki aka bi aka rufe ƙungiyar Memorial, wadda aikinta tattara sunayen mutanen da aka kashe zamanin Stalin. A Masar an kai samame ofisoshin ƙungiyoyi a Disamban 2011, aka yanke wa mutum 43 hukunci a 2013, aka wanke su a 2018. Kuma gwamnatin da ke zargin su da cin kuɗin Amurka tana karɓar dala biliyan 1.3 na taimakon soja daga Amurka kowace shekara. Mai mulki bai ƙi kuɗin waje ba, kuɗin da bai bi ta hannunsa ba ne ya ƙi.

Dakta Aminu

Barista ta kawo lambar da nake so kowa ya riƙe. Abin da Amurka ke ba sojojin ƙasa ɗaya ya ninka abin da take ba NED don duniya baki ɗaya fiye da sau huɗu. Da sojoji suka cire shugaban Masar Morsi a Yulin 2013, gwamnatin Obama ta ƙi furta kalmar juyin mulki, domin in ta furta doka za ta tilasta mata yanke taimakon. Cikin mako guda Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kuwait suka yi wa sabuwar gwamnatin alkawarin dala biliyan 12. Shi ya sa nake ganin muna yawan kallon ƙaramin hannu. Gwamnati ɗaya tana da ma'aikatar da ke ba ɗan jarida horo da kuma ma'aikatar da ke sayar wa wanda zai kama shi makamai. Mutanen ofishin farko da yawansu da gaske suke, na zauna da wasunsu. Amma in rana ta ɓaci, na biyun ake saurara.

Sa'idu

Ni fa ina ganin duk kuna kewaye-kewaye. Ita kanta dimokuraɗiyyar shigo da ita aka yi. Wa ya ce mutane ita suke so? Hanya da asibiti da tsaro suke so.

Zainab

Yaya Sa'idu, an tambaye su. Cibiyar Afrobarometer tun 1999 take bin ƙasashen Afirka tana tambayar mutane ra'ayinsu, kuma a rahotonta na 2024 kusan biyu cikin uku sun ce sun fi son dimokuraɗiyya kan kowane irin mulki. Rahoton ya kuma nuna goyon bayan yana raguwa a ƙasashe da dama, kuma mutane ba su gamsu da yadda ake gudanar da ita ba. Mutumin da ya kwana a layi don ya kaɗa ƙuri'a ba wani jakada ne ya biya shi ba.

Usman

Ita ma cibiyar wa ke ba ta kuɗi? Su ne dai.

Zainab

Haka ne, akwai kuɗin waje a ciki. Amma tambayoyinsu da alƙalumansu suna nan a buɗe a intanet, kowa na iya saukewa ya bincika, kuma sun sha fitar da sakamakon da bai yi wa masu ba su kuɗin daɗi ba, kamar yadda mutane da yawa ke yaba tasirin China. In za mu yi watsi da duk abin da kuɗin waje ya taɓa, ina tsoron za mu wayi gari ba mu da wata majiya sai ta gwamnati.

Ni tambayata daban ce. Ranar 20 ga Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin waje na kwana 90. A watan Maris sakataren harkokin wajen Amurka Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 na ayyukan USAID, zuwa Yuli an rufe hukumar. NED sai da ta kai gwamnatinsu kotu kan kuɗin da majalisa ta riga ta ware mata. Waɗanda na ga sun fito suna murna su ne irin su Orban na Hungary da Medvedev na Rasha. To Yaya Usman, abin da kake so ya faru a wurare da yawa. Talaka ya samu ƙarin 'yanci?

Usman

Bai samu ba, ƙanwata, kuma ban ce zai samu a dare ɗaya ba. Amma abin da ya faru ya tabbatar da maganata ta wata fuska. Mutum ɗaya ya sa hannu a takarda a Washington, gidajen jarida da ƙungiyoyi a nahiyoyi huɗu suka fara sallamar ma'aikata. Ashe abin da muke kira muryar jama'a a kan igiyar wani yake rataye. Zanen aro ba ya rufe katara. Kuma kada mu manta, Reagan ɗin da ya kafa NED shi ne ya hau kujerar naƙi kan dokar takunkumi ga gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu a 1986, sai da majalisa ta fi ƙarfinsa. Sunan Mandela bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai 2008.

Alhaji Garba

Gaskiya ne Usman. Amma tunda ka kawo Mandela, ka cika maganar. Gwamnatin Suwidin ta yi shekaru tana ba ƙungiyarsa ta ANC kuɗi kai tsaye, ƙasashen Afirka ma sun bayar, Sobiyet da Kyuba sun bayar. Gwamnatin wariya ita ma cewa take 'yan koren ƙasashen waje ne. Abin da ya bambanta su shi ne sun karɓa suna da mutanensu a bayansu, ma'aikatan ma'adinai da ɗalibai da malaman addini. Da za a yanke kuɗin, da sun wahala amma ba za su mutu ba.

Barista Nafisa

In ƙara da misali biyu kan abin da Baba ya faɗa. A Kenya a 2017 tawagogin masu sa ido na waje, har da wadda John Kerry ya jagoranta, sun yi saurin yaba yadda aka kaɗa ƙuri'a. Kotun ƙolin ƙasar ƙarƙashin David Maraga ce ta soke zaɓen shugaban ƙasa ranar 1 ga Satumba. A Malawi ma haka, zaɓen 2019 da aka goge alƙaluma da farin ruwan gyara rubutu, baƙi ba su ɗaga murya sosai ba. Jama'a suka yi watanni suna zanga-zanga, alƙalan ƙasar suka soke shi a Fabrairun 2020, aka sake, ɗan adawa Chakwera ya ci. Baƙo yana zuwa kwana kaɗan, kuma abin da ya fi damun ƙasarsa shi ne kada rikici ya ɓarke. Adalcin zaɓen yana zuwa a bayan wannan.

Don haka ni abin da zan goyi baya a doka shi ne: kowace ƙungiya ta bayyana wanda ke ba ta kuɗi da nawa, a inda kowa zai gani. Jam'iyya da ɗan takara a haramta musu kuɗin waje gaba ɗaya. Amma dokar ta hau kan gwamnati ita ma, ta bayyana nata, kuma kada a ba wani minista ikon rufe ƙungiya ba tare da kotu ba.

Malam Ibrahim

Barista, matsalar ita ce wanda zai rubuta dokar shi ne wanda ƙungiyoyin ke sa wa ido. A Jojiya a 2024 da sunan bayyana gaskiya aka kawo dokar da ta tilasta wa ƙungiyar da ke samun fiye da kashi 20 na kuɗinta daga waje ta yi rajista, dubban mutane suka fito titi suna ƙin ta don sun ga inda irinta ta kai Rasha. Ta yaya za a samu bayyanawar ba tare da an miƙa wa mai mulki sanda ba?

Barista Nafisa

Ƙungiyoyin su riga shi. Su wallafa da kansu tun ba a tambaye su ba. Yawancin ƙarfin zargin yana zuwa ne daga yadda mutane ke jin labarin kuɗin a bakin gwamnati kafin su ji a bakin ƙungiyar. Amma na yarda akwai ƙasashen da bayyana sunan mai karɓa daidai yake da miƙa shi ga 'yan sanda, kuma a can ba ni da amsa mai sauƙi.

Hajiya Bilkisu

Usman, ni ma ina da tambaya gare ka, kuma da gaske nake. Mu biyar da muka rage muna ƙoƙarin sake tayar da aikin da kuɗin mambobi, kowa ya riƙa ba da ɗan abin da zai iya duk wata, mu kuma mu riƙa karanta musu lissafi a bainar jama'a. Wata shida ke nan, abin da muka tara bai kai na horar da masu sa ido na gunduma ɗaya ba. Masu zaginmu da cin kuɗin Turawa suna da yawa, amma da muka miƙa musu takardar shiga, kaɗan ne suka karɓa. Kai za ka shiga?

Usman

Zan shiga Hajiya, da sharaɗi biyu. Mambobi su ne za su zaɓi shugabanni da abin da za a yi aiki a kai. Kuma in wata rana kuɗin waje ya dawo, a kawo maganar gaban mambobi su kaɗa ƙuri'a kafin a karɓa.

Hajiya Bilkisu

Na farko na amince tun yanzu. Na biyun ma na amince, amma ka sani ni a ranar zan tashi in roƙi mambobi su karɓa, matuƙar bai wuce rabin kasafinmu ba kuma bai zo da sauya mana aiki ba. Zaɓe mai zuwa ba zai jira mu tara kuɗi ba, kuma rumfar da babu mai sa ido a cikinta na san abin da ke faruwa a can.

Usman

Ni kuma zan tashi in ce kada a karɓa. Rabi ma ya yi yawa, wanda ya riƙe maka rabin albashi ya riƙe maka harshe. Turo mini takardar. Kuma mutanen nan da kuka bari a tsare, akwai sauran sunayensu a wajenki?

Hajiya Bilkisu

Suna nan, fayil ɗin bai taɓa barin hannuna ba. Barista, in na kawo miki za ki duba waɗanda har yanzu ba a kai su gaban alƙali ba?

Barista Nafisa

Ki kawo Hajiya. Ki haɗo da ranar da aka kama kowannensu da inda aka tsare shi na ƙarshe, da su za a fara nema.